Cokalin Kaka Ya Kwana a Wata

Wendell: Mama! Ni ne, minti biyar kacal aka ba ni, ki saurara...

Mama: Dakata. Wane ne "ni ne"? 'Ya'yan yanzu, kun iya tuƙa ƙarfe har wata, gaisuwa ta gagare ku. Sake daga farko.

Wendell: Ina wuni, Mama. Wendell ne.

Mama: Lafiya lau. Ya gajiyar hanya?

Wendell: Ta bi lafiya. Ya ƙafar taki?

Mama: Tana nan tana aikinta. Matarka da yaran fa?

Wendell: Lafiyarsu ƙalau. Ta gilashi muke ganin juna. Likitoci sun killace mu a Houston, sati uku, wai kada mu zo da cutar wata.

Mama: Cutar wa? Ɗaga murya! Layin nan gida shida ke kansa, kuma ina jin numfashin da ba naka ba.

Wendell: Na ce cutar wata!

Mama: Cutarka dai tsohuwa ce. Na gan ka a talabijin ɗin gidan fasto, kana tsalle kamar ɗan akuya. Mai shekara arba'in da ɗaya!

Wendell: Can jiki ba ya nauyi, Mama.

Mama: Ranar da ka diro daga rufin rumbu da laimar babanka, nan ma ba nauyi? Ka yi feshin auduga da jirgi na yi shiru, ka shiga na soja na yi shiru. To, ina cokalina?

Wendell: Layin ya fara... ba na ji sosai...

Mama: Kana ji garau. Cokalin azurfar kakarka, wanda ta taho da shi Oklahoma a keken doki. Kai ka roƙa, ka ce za ka kai shi wata ka dawo da shi. Matan coci sun ɗinka masa matashi, za a ɗora shi a tebur ranar cin abincin tarbarka.

Wendell: Ai ya je, Mama. Da shi na ci wake a can.

Mama: Madalla. Ya dawo?

Wendell: Kin san kafin mu taso dole a rage kaya, saboda duwatsun da muka ɗebo. Sai a tattara ledojin abinci a buhu guda, a buɗe ƙofa, a jefar...

Mama: Wendell.

Wendell: Yana cikin ledar waken.

Mama: Ya Ubangiji! Ka kai cokalin uwata wata, ka zuba shi a shara? Da ka ci ka wanke, kamar yadda na koya maka, da yana aljihunka!

Wendell: Ba ruwan wanke-wanke a can. Amma saurara, akwai wani shago a nan mai irinsa sak. In saya, a ɗora a matashin, wa zai gane?

Mama: Me ka ce? A'a, kada ka maimaita, na ji. Ɓatan cokali tsautsayi ne. Amma in tsaya a ɗakin Allah, da furfurata, in nuna wa mata ƙarya a kan matashi?

Wendell: Na tuba, Mama. Kunya ce nake guje miki.

Mama: Kunyarka dai. To, ga yadda za a yi. Matashin zai hau tebur ba komai a kai. Kai za ka miƙe ka faɗa da bakinka inda cokalin yake. Da an gama ci, ka naɗe hannun riga ka shiga kicin. Duk cokalin da ke cocin nan kai za ka wanke, ɗari uku cif.

Wata murya: Ɗari uku da ashirin, Opal, in an haɗa da na miya.

Wendell: Kai! Wace ce wannan?

Mama: Beulah ce, maƙwabciyata. Beulah, ajiye wayar nan, ba da ke ake ba!

Beulah: Sannu da dawowa, Wendell. Bari in leƙa wajen matar fasto.

Wendell: Shi ke nan, garin ya ji. Mama, gwamna fa zai zo wurin, an ce kusa da ni zai zauna!

Mama: To, ya yi kyau. Kai ka wanke, shi ya goge.

Wendell: Mama? Halo? Mama!