Gyaɗa a Injin Busar da Kaya

A bakin wani shagon gyara a Sabon Gari na ji wata mata tana tuhumar mai shagon.

"Malam Bappa, tun da ka taɓa injin busar da kayan wankin nan yake ƙara kamar an zuba tsakuwa. Me ka cire a ciki?"

"Bel ɗin da ke juya shi kawai na ɗaure, Madam. Wannan gyaɗar da na kwaso a ƙarƙashin gangarsa fa?"

"Ɓera ne ya kai."

"Ɓera ya kai mudu guda? Shanya kika yi a ciki."

Ta rage murya. "Damina ce, ba rana. Injin na maƙwabciyata ne a Samaru, ajiya ta ba ni. Jibi za ta dawo."

"Ƙarar zan kashe yau. Ƙamshin gyaɗar kuwa, ke za ki yi mata bayani."