Iyakata Legas

Injin niƙan marigayiya matata Maryamu na sayar na yi kuɗin mota. Wata mata ce ta zo daga Dirin Daji, aka kwance shi aka ɗora mata a bayan a-kori-kura. Da suka tafi sai na tsaya ina kallon gurbinsa, siminti ya yi baƙi da man inji, ga dusa ta maƙale a tsaga. Na share wurin, na kulle ƙofa, na kai wa ƙanena makulli.

Rahila, ke kika ce in ba ku labarin nan, ke da 'yan ajinku na makarantar jinya da kowa ke cike takardun fita waje. Na ce sai dai in rubuta, don kun san bakina. In da baki zan faɗa, tuwonku zai huce ban fita tashar Zuru ba.

Tun ina yaro nake i'ina. Duk kalmar da sai an haɗa leɓe ake faɗinta takan tsaya mini, har sunana Bitrus. Saboda ita aka ƙi ɗaukata soja, ni kaɗai a cikin sa'o'ina, a garin da kusan kowane gida akwai kaki a igiyar shanya. Sai na kama aikin jinya, inda hannu ya fi baki amfani. Na yi shekara talatin a kai, na yi ritaya, bayan shekara guda Maryamu ta rasu. Ba mu haihu ba. Gidan ya yi mini yawa.

A lokacin ne Hannatu, wadda ni na koya mata yin allura, ta rubuto daga Ingila. Ta ce gidan kula da tsofaffi da take aiki suna neman mutum irina, kuma shugabar gidan ta yarda ta ajiye mini gurbi har ƙarshen Oktoba. Takardu biyu kawai ake so in kawo kafin nan: shaidar na ci jarrabawar Turanci, da shaidar likita cewa lafiyata ƙalau. Duka a Legas ake yin su. Na tashi a watan Maris, ina ganin har lokaci zai ragu. Na ce wa mutane daga can zan wuce.

Na kama ɗaki a irin gidan da suke ce wa fes-mi-ai-fes-yu, wato ƙofarka na kallon ƙofar maƙwabcinka, amma har ka bar gidan ba za ka san sunansa ba. Mai gidan wata dattijuwa ce, Iya ake ce mata. Na gaya mata sunana sau uku, amma Mala take kirana, don a can duk ɗan Arewa Mala ne, ko da Littafi Mai Tsarki a hammatarsa. Kullum da safe nakan karanta jarida da ƙarfi ina buga gwiwa da tafin hannu, don bugun yana taimaka mini kalma ta fita. A kwana na huɗu ta banko ƙofa.

"Mala, wa kake kira a ɗakin nan? Ba na son iskokai a gidana."

"Iya, Turanci nake bita."

"Da furfurarka? Ni Turancin da na sani ba a yi masa kiɗa."

Na samu aiki a wani kemis a bakin titi don in ci abinci. Mai shagon, wanda kowa ke ce wa Oga, ya duba takarduna ya gyaɗa kai, sannan ya ji na yi magana. Nan take ya nuna mini bayan kanta.

"Baba, kai dai ka riƙa ɗaure magani kana rubutu a takarda. Kada ka yi magana da kwastoma. Kafin ka gama ce masa sau uku a rana, ciwon ya warke da kansa."

Ban yi fushi ba. Rubutuna yana da kyau, a makarantar mishan da rula aka gyara mana shi. Amma akan yi sati ban faɗi abin da ya wuce gaisuwa ba. Ran Lahadi in an tashi coci sai in shiga danfo, ƙaramar bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa, in sauka bakin teku in zauna kan yashi har rana ta yi sanyi.

Jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu, da magana. Ukun farko ban sha wahala ba. Ta maganar, kai da mai jarrabawa ne kawai a ɗaki, da rikoda a tsakaninku. Tawa wata Baturiya ce mai sanyin murya. Na shiga da niyya ɗaya, kada ta gane. A Zuru namiji ba ya fara magana da kawo uzuri, kuma a mishan an koya mana in kana gaban babba hannunka ya zauna wuri ɗaya. Don haka na danne hannuna a cinya, ban buga ba.

Mai i'ina yana da dabara. In ya hango kalma mai wuya na tahowa, sai ya kauce ya ɗauki wata. Da haka na lallaɓa har ta miƙo mini kati, an rubuta in yi minti biyu ina magana a kan wani mutum da ya taimake ni a rayuwa. Maryamu ce ta zo mini. Na haɗa leɓe zan faɗi sunanta, na ji ya tsaya. Sai na kauce, na ce kawuna. Ba ni da wani kawu irin wannan. Na ce yana da kirki, na ce yana noma, na ce dogo ne. Daga nan na rasa abin faɗa a kan mutumin da babu shi. Kaset na ta juyawa, ita tana kallon agogo cikin ladabi.

Bayan sati biyu sakamako ya fito. Na ci uku, na faɗi a ɓangaren magana. A lokacin sai an yi wata uku ake sake zama.

Na ce bari in gama da likita kafin nan. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, duk lafiya. Saura fom. A ƙarshensa akwai wani gurbi da ke tambaya ko akwai wata lalura, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da ba a ambata a sama ba, a ƙasa kuma wurin sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Mu 'yan mishan ba ma barin gurbi babu amsa, kuma ba ma sa hannu a ƙarƙashin rabin gaskiya. Na rubuta cewa ina i'ina tun yarinta, kuma ina shekara shida wanzami ya yanka mini ƙarƙashin harshe don a warkar da ita, bai yi amfani ba. Da gurbin ya cika sai na ci gaba a bayan takarda.

Likitan saurayi ne. Ya karanta, ya juya takardar, ya dafe goshi.

"Baba, wa ya tambaye ka wannan?"

Na nuna masa gurbin.

"Kowa layi yake ja a nan ya wuce. Yanzu da ka rubuta, kuma da biro, ba ni da ikon sa hannu sai babbar likitar ƙwaƙwalwa ta gan ka."

Layin ganinta ya kai Agusta. Wata uku na sake zaman jarrabawa sun cika a Yuli, amma ban zauna ba. Na ce in ta ce kaina ba daidai yake ba, me amfanin Turancin? Ku lura da abin da na yi. Inda ya kamata in faɗa, na ɓoye, don ba a tambaye ni ba. Inda babu ruwan kowa, na cika takarda gaba da baya, don an bar gurbi.

Babbar likitar tsohuwa ce kamar sa'ata. Ta sa na bi yatsanta da ido, ta buga mini guduma a gwiwa, ta sa na ƙirga watanni daga baya. Minti goma aka gama. Tana rubutu ta ce, "Lafiyarka lau, bakinka ne kawai ke jinkiri. A jarrabawar sun ƙara maka lokaci?"

Na ce wane lokaci?

Ta ajiye biro. Ta ce ai mai i'ina in ya kai takardar likita, ana ƙara masa lokaci, kuma ana sanar da mai jarrabawa tun kafin ya shiga. Ta rubuta mini takardar nan take. Na sauko daga benen asibitin na zauna a matakala, na daɗe ban tashi ba.

A ofishin jarrabawa suka karɓi takardar, amma suka ce shirin yana cin sati shida, kuma zama na farko da ke da wuri bayan nan sai ƙarshen Oktoba. Na lissafa da kalanda: sakamako zai fito kwana tara bayan wa'adina. Ko kuma in zauna a Satumba babu ƙarin lokaci, yadda na yi da farko. Na tuna kaset ɗin nan yana juyawa. Na zaɓi Oktoba, na ce zan roƙi shugabar gidan ta yi mini haƙurin kwana tara.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, sai ka je wurin masu laima a bakin titi su buga maka. Waya ita ce abin da mai i'ina ya fi tsoro, don wanda ke can ba ya ganin fuskarka, bai san kana ƙoƙari ba. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, jimla huɗu. Sau biyu ina zuwa gindin laimar ina wucewa. A na uku, tsakar rana, na tsaya, matar ta buga ta miƙo mini. Na ji muryar shugabar sarai, ta yi gaisuwa ta tambayi wane ne. Na haɗa leɓe zan ce Bitrus. Danfo na ta oda, mutum biyu na jira a bayana. Ta sake tambaya. Ta sake. Sannan ta ajiye.

Mai laimar ta ce, "Baba, layin ne ba kyau? In sake bugawa?"

Na girgiza kai. Na koma ɗaki na rubuta wasiƙa mai kyau, shafi biyu, na kai gidan waya.

Ranar zama na biyu mai jarrabawar wani Bature ne mai gemu. Ya ce ya ga takardata, in yi a hankali, babu mai korata. Na ce masa zan riƙa buga gwiwa. Ya ce in buga. Katin ya ce in yi bayanin wata al'ada ta garinmu. Na ba shi labarin golmo, noman da samarinmu ke yi a gonar surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Na gaya masa na yi shekara bakwai a gonar uban Maryamu, kuma na faɗi sunan, ya ɗauki lokaci amma ya fito. Na gaya masa yadda muke jerawa da fartanya muna waƙa, kuma a waƙa ban taɓa i'ina ba, da yadda takan kawo mana ruwa ta ajiye nawa daban ba tare da ta dube ni ba. Tun da ta rasu ban yi maganarta da kowa haka ba, sai da baƙo, da Turanci, a gaban rikoda.

Na ci. Wasiƙar Hannatu ta riga sakamakon isowa da kwana uku. Tawa wasiƙar ta isa hannun shugabar bayan ta riga ta yi wa wata alkawarin gurbin, don tun Mayu ba su ji ɗuriyata ba, sun ɗauka na fasa. Hannatu ta ce ta yi kuka, ta ce a jira wata shekara. Wata shekarar dokokin suka canja, shekaruna kuma suka yi yawa.

Na dawo Zuru ana saura sati biyu Kirsimeti. A watanni taran nan ban aiko wa kowa a gida da saƙo ba, kullum ina cewa sai na samu labari mai daɗi. Ashe duk gari sun ɗauka na haye tuntuni. Ran Lahadi fasto ya hango ni a bencin baya, ya ce ɗan'uwanmu ya dawo daga Ingila, ya taso ya gaya mana yadda ya baro su.

Shekara hamsin ina cocin nan ban taɓa magana a gaba ba. Na fita, na dafa bencin farko, na riƙa buga shi da yatsu. Na ce ban je ba. Na ce iyakata Legas, kuma na gaya musu dalili, tun daga kawun ƙarya har gindin laima. Na daɗe ƙwarai. Babu wanda ya ƙarasa mini kalma, babu wanda ya yi tari. Da na gama na rasa yadda zan koma wurina.

Sai Audu, tsohon soja, wanda muka yi golmo a layi ɗaya da shi, ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Kai Bitrus, tekun dai ka gan shi?"

Na ce na gani.

"To mu da muka yi yaƙi ma ba dukanmu muka gani ba. Zo ka zauna, ka tare wa mutane fasto."

Ya matsa mini, na zauna kusa da shi. Da aka tashi kowa ya nufi gidansa da iyalinsa, ni kuma na bi ta wurin ƙanena na karɓi makullina.