A Taswirar Kumasi Layinmu Turken Shanu Ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, gaisuwa gare ka da duk masu sauraro. Sunana Issaka, haifaffen Zongon Kumasi, kanikanci nake yi a Suame Magazine, unguwar kanikawa.

Bara aka ce za a sabunta taswirar Kumasi, wadda za ta nuna inda za a yi titi, gota (magudanar ruwa) da makaranta nan gaba, aka nemi kowace unguwa ta taimaka da kuɗin awo. Mu a layinmu muka ce dabarar rushe gidaje ce. Ko sisi ba mu bayar ba, masu awon ma da tsintsiya matanmu suka kore su.

Ran Juma'a na je sunan ɗan Awudu ƙanina a unguwar Atonsu. Su 'yan can sun biya kuɗin awon. Bayan an ci an sha, Awudu ya ja ni bangon masallaci inda aka liƙa sabuwar taswirar, yana nunawa da yatsa: "Yaya, nan asibiti, nan filin ƙwallon yara, nan gota za ta bi." Na ce masha Allah. Yaron da ni na koya masa riƙe sufana!

Na duba layinmu. An bar shi yadda aka rubuta tun zamanin kakana: turken shanu.

Don Allah a ba mu shawara, za a karɓi kuɗinmu yanzu ko an rufe? Ina gaida 'yan layinmu duka, 'yan'uwana shanu.