Na Gaji da Gadin Kaina

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto.

Yawancinku kun san babana, mutumin da ke zama a bakin tashar Race Course yana hira shi kaɗai. A da, direba ne. An ce kakana ma haka ya ƙare.

Bara na ci karo da wani tsohon littafin Turawa a laburaren makarantarmu. Ya ce taɓin hankali a jini yake, yana bin zuriya, kuma bai kamata a bar irinmu mu haihu ba. Na karanta shi a tsanake, yadda nake karanta komai, na kuma gaskata.

Daga nan na zama mai gadin kaina. In na manta inda na ajiye alƙalami, sai in ce ya fara. In na yi dariya, sai in tsaya in binciki dalili. Na bar karatun jarrabawa. Me mahaukacin gobe zai yi da takarda? Na gaji, 'yan'uwa. Na gaji ƙwarai!

Mama Saratu, mai sayar da koko a ƙofar gidanmu a Moshi Zango, ta ga na rame. Ta matsa mini har na faɗa mata.

"Akawu," ta ce, don haka take kirana saboda son karatuna, "Baturen nan ya taɓa ganinka?"

"A'a, Mama."

"To, ka gaishe shi. Kawo hannu, masu saye na jira."

Da ludayi a ɗaya hannun ta yi mini addu'a: "Yesu, ɗanka ya ɗauki kayan da ba kai ka ɗora masa ba. Sauke masa." Na yi kuka a gaban layin koko, ban ji kunya ba.

Daga baya na ga likita. Ya ce gado yana da nasa rabo, amma babu mai iya duban jini ya ce wane zai kamu, wane zai tsira. Bai yi mini alkawari ba. Har yanzu tsoron yakan leƙo, sai dai ba ya zama.

Na koma karatu. Watan gobe zan zauna jarrabawar, da jinin babana a jikina, da sunansa a kan takardata.

Godiya ga Ubangiji! Wanda aka riga aka yanke masa hukunci tun bai yi komai ba, ya kawo maganar gaban Yesu. Amin.