Kazar da Aka Tsame

Ni na fara hango maiƙon nan, tun kafin mai kwanon ya gani. Muna kan tafiya ɗana ya kai ni gidan abincin manya. Kusa da mu wani matafiyi, duk a gajiye, ya kira mai kawo abinci.

"Baiwar Allah, na ce miki ban da nama."

"Ai babu nama, Alhaji. Ganye ne zalla."

"Wannan maiƙon da ke yawo a sama fa?"

"Kaza ce kawai, kuma da hannuna na tsame ta."

"Kazar a gona kuka shuka ta?"

"Alhaji, tun safe nake tsaye. Ka daure ka ci mana."

"Ni tun jiya ruwa ne a cikina. Likita ya ce in na ƙara taɓa nama, sai dai a kwaso ni. Shekara talatin ina fawa, 'yata, yau ni za a ɓoye wa kaza?"

Ta ɗauke kwanon. "To me zan kawo?"

"Burodi. Motarmu ta kusa tashi."

Yunwa iri-iri na gani ban mutu ba, amma sai ranar na ga mahauci yana cin gayan burodi da cokali mai yatsu. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ya faɗa a gabana.