Giya Ta Bakwai

A bencin jira na wurin wankin mota, wani mai baƙin tabarau ya ishi wani dattijo da kirarin jar motarsa ta tsere.

"Baba, ƙirar bana ce fa, ba irin tsohuwar nan mai nishi a hawa ba."

"Ma sha Allah. Mene ne bambancinsu, ɗana?"

"Komai! Injin ya fi ƙarfi, giya bakwai maimakon shida. Dubi fitilun ma."

"Fitilu kam sababbi ne. Kana duba baƙin mai kuwa?"

"Kullum da safe, da hannuna nake zaro sandar awonsa."

"Ikon Allah! Ni da na ji ƙirar bana ba ta da sanda, a allo take nunawa. Taka ba mai jan kai ba ce, an ɗaure da waya?"

Ya cire tabarau. "Ya aka yi ka sani?"

"Ni na ɗaure ta, kafin in sayar wa dillali motar. Ka taɓa shiga giya ta bakwan?"

"Hanya ce ba ta ba ni dama ba."

"To kada ka wahalar da hannunka. Ni ma shekara huɗu ban same ta ba."