Mai Zagin Ne Ke Biya

A bencin rumfar gyaran waya, wani direba ya ƙura wa na gefensa ido.

"Malam, ba kai ne mai shafin siyasar nan na intanet ba? Mai cewa a koma tarbiyyar iyaye, gwamnati ta cire hannu daga aljihunmu?"

"Ni ne."

"Kullum sai na karanta. Ba talla, ba ubangida."

"Masu karatu ne ke riƙe da shi. Ka ga wurin ba da gudummawa a ƙasa?"

"Na gani."

"Ka taɓa dannawa?"

"A'a. Ai kai ka rubuta cewa tallafi yana kashe zuciya, kowa ya ci guminsa. Maganar ta shige ni."

Mai shafin ya dubi fasasshiyar wayarsa a hannun mai gyara.

"Duk masoyana haka suke. Sun fahimce ni sosai."

"To wa ke biya?"

"Ka san wanda ke bin kowane rubutu yana kirana baƙauye?"

"Marar kunyar nan? Mun sha yi da shi."

"Shi ne. Duk wata sai ya turo. Ya ce in na rufe, ba shi da wurin huce haushi."

"Da ni ne, da tuni na toshe shi."

"In toshe abincina? Watan jiya na yi kuskuren rubuta abin da ya yarda da shi, ko sisi bai turo ba. Shi ya sa liƙi za a yi wa gilashin, ba canji ba. Ana gamawa zan je in ɓata masa rai."